Abin da Na Hana Mukhtar Faɗa a Santambul

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga yayata Hajiya Dije, a makwancinta na Dirin Daji. Aminci da gafarar Ubangiji su tabbata a gare ki, ke da maƙwabtanki na gidan da kika riga mu shiga. Bayan haka:

Na san takarda ba ta isa inda kike. Ko a lokacin da kike raye ma ba ki karanta boko, sai dai ki sa jika ya karanta miki kina katse shi. Duk da haka ke nake rubuta wa, kuma a bainar jama'a, domin a bainar jama'a aka zargi ɗana Mukhtar a kan mutuwarki. Ɗanki Audu ya aiko mini da cewa kada Mukhtar ya taka Dirin Daji ranar addu'ar arba'in. Dangi sun tsaya a kan magana ɗaya: wai an sanar da shi rasuwarki muna ƙasar Turkiyya, ya ɓoye mini don kada yawon da ya shirya ya lalace. Ni kuma ana zuwa gidana a Rikoto ana yi mini gaisuwa biyu, ta rashinki da ta abin da ɗana ya yi mini, ina karɓa ina godiya. Ban ce wa kowa uffan ba. Yau zan ce.

Kin tuna zuwana sallama. Na same ki a tabarma a bakin rumbu, ƙafafunki a kumbure, ana sussukar dawa a gabanki kina ba da umarni kamar ba ke ce marar lafiyar ba. Na ce miki zan fasa tafiyar. Kika ce: "Mi za ka yi man in ka zauna, Auta? Kai likita ne? Tahi abinka. Wanga ciwo ba yau munka san juna da shi ba." Duk ƙasar Zuru ke kaɗai kika rage mai kirana Auta da furfurata. Da na miƙe kika ƙara da cewa in na ga teku in duba miki ko da gaske ba a hango ɗaya gaɓar, don ke ba ki yarda ba.

Mukhtar ne ya ɗauki nauyin tafiyar, shi da matarsa Safiya da 'ya'yansu. Ya ce mini zan ga masallatan da na daɗe ina karanta tarihinsu. Kuma na gan su, Yaya. Na tsaya ƙarƙashin ƙubbar da sai ka dafe hularka kafin ka kalli samanta. Na shiga jirgin ruwa yana ratsa tsakiyar birni, hasumiyoyi a dama da hagu, kiran salla yana tashi daga wannan gaɓa waccan tana amsawa. Kowace safiya nakan sa Mukhtar ya kira wayar Audu a miƙa miki, in ba ki labari, ke kuma ki ce in rage ƙarya tunda na tsufa.

Sai dai Mukhtar yana da nasa abin da ya kai shi. Kin san halinsa tun yana ƙarami na tara wasan haɗa hoto, wannan da ake yayyanka hoto gutsi-gutsi a zuba a kwali, mutum ya zauna ya mayar da shi yadda yake. Bangon ɗakinsa na Abuja cike yake da waɗanda ya gama ya sa wa gilashi. Shekara da shekaru ina yi masa nasiha a kan ɓata lokaci. Da ya fara neman irin wasan a Santambul, da farko ko shagunan ba na shiga, a waje nake tsayawa da tasbahata.

Wata rana ruwan sama ya tilasta mini shiga wani ƙaramin shago a bayan babbar kasuwa. Tsohon da ke ciki ya lura da rawanina, ya sauko da wani kwali daga can sama ya buɗe. Babu hoton mutum ko dabba a jikinsa. Zanen bangon masallaci ne, shuɗi da kore, layi yana shiga cikin layi, irin zayyanar da nake yi wa allunan sauka ina matashi, lokacin da kike sayar da ƙuli-ƙuli kina aiko mini da guzuri a makaranta. Mukhtar ya fassara mini cewa jeri ne guda, kowane kwali da masallacinsa, an daina buga su, sai dai a tsinci ɗaya nan ɗaya can a tsofaffin shaguna. Na ɗauki guntu biyu na gwada, suka shige cikin juna ba tare da gardama ba. Ban san lokacin da na zauna ba.

Daga ranar ni na koma jagoran nema. Ni ke tayar da su da sassafe. Mu hau tudu mu gangara, mu shiga lungu mu fita, ina nuna wa masu shago murfin kwali ina yi musu Larabci suna mayar mini da Turkanci. Jikokina suna dariya suna cewa Kaka ya fi Abba kamuwa. Safiya ta ce: "Baba, in muka koma sai na faɗa wa ɗalibanka." Na ce ta faɗa, ai zayyana ce. Ba zan ɓoye miki ba, na manta rabon da in ji daɗi irin na waɗannan kwanaki. Babu mai jiran fatawa a ƙofa, babu sulhun gado, babu gawa da za a kira ni in sallata. Ni da ɗana kawai, kai da kai a kan tebur, karo na farko da muka so abu ɗaya tare.

Ranar da kika rasu, da hantsi, ina zaune a ɗakina na otal da kwali a buɗe a gabana. Na ji wayar Mukhtar ta yi ƙara a baranda, na ji ya ɗauka. Sannan ya shigo. Bai zauna a kujera ba. Ya cire takalmansa, ya durƙusa a ƙasa kusa da gwiwata, ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba."

Yaya, wa ya fi ni sanin wannan durƙuson? Tun ina da baƙin gemu ni ake aikawa gidajen mutane da irin wannan saƙo, daga Rikoto har Manga, har gidajen sojojin da ba su dawo ba. Na san yadda ake cire takalmi, na san inda ake ajiye ido, na san yadda murya ke sauka a kan kalmar farko. Ni na koya wa Mukhtar, domin yana saurayi yakan raka ni. Kuma na san wadda na bari da kumburarrun ƙafafu.

Na dube shi, na tura masa murfin kwalin na ce: "Tashi mu je wajen tsohon nan, ya ce yau zai samo mana na masallacin bakin ruwa." Ya sake cewa: "Baba, akwai magana." Na ce: "Ta jira mu koma gida." Na miƙe na ɗauki hulata.

Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi. Ɗa ne da aka rena a kan cewa in uba ya rufe magana ta rufu. Ya sa takalmansa ya biyo ni. A ranar muka samu kwalin, kuma a ranar babbar jikata, wadda ba ta san komai ba, ta ɗauke ni hoto ina riƙe da shi ina dariya har ana ganin giɓina, ta tura a zauren dangi na waya. Audu ya gani yana dawowa daga maƙabarta da ƙasar kabarinki a hannunsa.

Ban sake cewa a kira miki waya ba. Ni da nake damunsu kowace safiya, na daina, kuma babu wanda ya tambaye ni dalili. Na ga idon Safiya ya yi ja, ta ce iskar teku ce, na ce Allah ya sawwaƙe. Mukhtar ya koma tsayawa a ƙofar shaguna inda nake tsayawa a da, ni ina ciki ina ciniki. A masallaci kuwa, in na ɗaga hannu na zo kan sunanki, harshena ba ya iya roƙa miki lafiya, kuma ba ya yarda ya roƙa miki abin da ake roƙa wa mamaci. Sai na nemo lafazin da zai dace da mai rai da wanda ya tafi, na riƙa cewa Allah ya lulluɓe ki da rahamarsa a duk halin da kike. Karatun da kika sha wahala na samu, ga inda na kashe shi.

Hujjoji kuwa ban rasa su ba, mai karatu ba ya rasawa. Na ce wa raina ko na ji a lokacin ba zan riski jana'iza ba, kuma gaskiya ne. Na ce tun kakanni ana jinkirta wa matafiyi mummunan labari har ya sauka, ni kaina na sha ba da wannan shawara. Na ce ai ban ji da kunnena ba, zato ba yaƙini ba ne. Kowace ɗaya tana da ƙafar tsayawa. Amma jinkirin da mutane ke yi, tausayin matafiyi ke sa su, ba matafiyin ke ƙwatarsa da ƙarfin uba ba. Kuma ko jana'iza ta wuce ni, da na ce a nemo jirgi da na riski zaman makoki, na zauna gefen Audu ana yi mana gaisuwa tare. An ce mini har danginmu na coci sun zo daga Manga sun wuni, suna tambayar ina ƙaninta. Na so in ce tsoron jin labarin ne kaɗai ya hana ni. Akwai tsoron. Amma akwai kuma sauran kwanakin da ban so a karɓe mini ba, da kwalayen da ba mu kai ga samu ba. Wasan ba shi da laifi, halal ne, kuma har yau in na tuna zanen nan zuciyata tana sonsa. Laifin yana wajen wanda ya ce magana ta jira.

Sai da muka sauka Abuja, na ci abinci na yi salla, surukin Mukhtar ya zo ya faɗa mini. Kukan da na yi na gaskiya ne, Allah shaida. Mamakin da na nuna ne ba na gaskiya ba.

Da muka iso Dirin Daji, Audu ya rungume ni yana kuka, sannan ya juya ga Mukhtar a gaban mutane. Kin san ɗanki, barin soja bai rage masa murya ba. Ya ce: "Da bakina na ce maka ka faɗa wa Kawu. Uwata tana cikin rami kuna sayen kayan wasan yara! Ita ta riƙa yi maka wanka kana jariri da uwarka ba ta da lafiya." Mukhtar ya ce: "Na yi kuskure, Yaya Audu, ka yi haƙuri." Bai ko kalli inda nake ba. Ina tsaye, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai tsawon tabarma ba, kuma mutane suna riƙe da kafaɗata suna cewa Malam ka yafe masa, yaran zamani ne. Na ce na yafe. Ki ji fa, Yaya. Na ce na yafe.

Da kina nan na san da wane harshe za ki yi mini faɗa. In abu ya kai maƙura kikan bar Hausa ki koma yarenmu na C'lela, irin na Inna, ki kore yara daga tsakar gida tukuna. Ba a taɓa samun wanda ya yi mini irin wannan faɗan ba sai ke, kuma yanzu da nake buƙatarsa babu mai yi. Kowa Malam yake ce mini.

Ɗazu bayan azahar na kira Mukhtar na karanta masa abin da na rubuta. Ya roƙe ni kada in fitar. Ya ce: "Baba, a bar shi a kaina. Ni za a yi fushi da ni shekara ɗaya a manta. Kai kuwa mutane suna salla a bayanka." Na ce masa saboda suna salla a bayana ne ya wajaba su sani. Wanda ya ga ba zai iya bina ba bayan wannan, yana da hujja, kuma ba zan riƙe shi a zuciya ba. Sai ya tambaye ni ko na sha maganina. Irin ɗan da kika taya ni renonsa ke nan, shi na bari aka tsinka a ƙofar gidanki.

Audu zai karanta wannan, ko a karanta masa. Ban san abin da zai yanke ba, kuma ba zan yi amfani da girma in matsa masa ba, na ga inda wannan ya kai ni. Abin da na sani shi ne ranar addu'arki a motar Mukhtar zan zo, shi zai tuƙo ni. In Audu ya ce mutum ɗaya ne zai tsaya a waje, to ni ne zan tsaya, Mukhtar ya shiga ya yi wa gwaggonsa addu'a, domin shi ya ɗauko saƙon da aka ba shi har gwiwata.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Khadijatu, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sanya shi dausayi daga dausayoyin Aljanna. Ka saka mata da alheri a kan maraicin da ta cire mini. Ka sanyaya zuciyar Audu, ka mayar da zumuncin da na tsinka tsakanin 'ya'yanmu. Ka yi wa Mukhtar albarka, ka ba shi 'ya'yan da za su rufa masa asiri, ka kuma kare shi daga buƙatar hakan. Ni kuwa ka yafe mini abin da na sani na yi kamar ban sani ba. Amin.

Ki yafe mini, Yaya, in ana yafewa daga can.

Ƙaninki da kika goya,
Isyaku
Rikoto, Zuru