Kusurwar Ɗumi a Ɗakin Inna

Sangju, watan Disamba.

Zuwa ga Yayata Ok-bun,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Helmut da yara da jikoki. Allah ya sa ciwon gwiwar nan da ke taso miki da sanyin Jamus ya yi sauƙi, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Bishiyar kanyar bayan gida ta yi 'ya'ya bana har reshe ɗaya ya karye, na fere su na rataya a baranda suna bushewa. Mun gama haɗa kimchin hunturu, kabejin nan mai yaji da muke adanawa, ni da matar ƙaninmu Tae-bong, ko da yake ita rabin aikinta ɗaukar hoto ne. Na zaɓi in rubuto miki maimakon waya, domin a waya ke ce mai magana ni kuma mai cewa to, tun muna yara haka muke. Yau sai ki zauna ki ji nawa.

Kin riga kin ji faɗuwar da Inna ta yi da damina a hanyar banɗakin tsakar gida. Abin da ban gaya miki ba shi ne, tun muna asibiti Tae-bong ya ce magana ta ƙare, zai kai ta gidan kula da tsofaffi a birnin Daegu, kusa da shi. Ban ga laifinsa ba. Tsohuwa mai shekara casa'in da uku, ga dokin ƙofa mai tsayi, ga madafa da sai an sauka matakala, ga ni nan ni ma tsufa ya fara taɓa ni, ɗaukar itacen hura murhu ya soma fin ƙarfina. Amma ni na san ranar da aka fitar da Inna daga gidan nan, ranar aka fara yi mata jana'iza. Na roƙe shi ya bar ni in gyara cikin gidan. Ya yarda da sharaɗi ɗaya, wai idan aka gama gyara Inna ba ta zauna lafiya ba kafin sabuwar shekara, ba zai sake neman shawarata ba. Gudummawar da kika aiko ta iso a kan kari, Allah ya saka da alheri.

Maƙwabta suka ba ni shawara kada in ce zan nemi kafinta daban, birkila daban, mai famfo daban, domin sai in tsufa ina sasanta su. Gara in ɗauki ɗan kwangila guda ya zo da mutanensa, in abu ya ɓaci in san wuyan rigar da zan kama. Uku suka zo. Na farko ya zagaya ya ce a rushe gidan kawai, na ce ya gaida gida. Na biyu yana shigowa ya ɗora ƙafa a kan dokin ƙofa yana latsa waya, Inna ta kawar da kai, na san nasa ya ƙare. Na uku shi ne Oga Pyo, wani ƙaton mutum mai tumbi da gashin baki, muryarsa kamar yana kiran wani a ƙetaren kogi. Ya tuɓe takalma ya jera su, ya durƙusa ya gaida Inna har ƙasa, aka kawo abinci ya share kwano biyu ya nemi ƙarin miya. Bayan ya tafi Inna ta ce wannan za a ba, wai mutumin da ba ya wasa da abinci ba zai yi wasa da aiki ba.

Cika baki kuwa a wurinsa ba a magana. Ya ce zai shigo da banɗaki cikin gida, ya sassare dokin ƙofa, ya ɗaga madafa ta yi daidai da ɗaki, ya sa maƙallan ƙarfe a bango. Amma abin alfaharinsa shi ne daɓe. Zai toshe tsohon murhu da hanyoyin hayaƙin da ke ƙarƙashin ɗaki suna ɗumama daɓe, ya shimfiɗa bututun ruwan zafi. Wai shekara talatin yana wannan aiki, daɓensa daga bango zuwa bango ɗuminsa ɗaya ne, duk wanda ya samo wurin da ya fi wani zafi a aikinsa, zai aske gashin bakinsa a tsakiyar kasuwa. Wallahi Yaya, daɗi na ji. Na tuna yadda ruwan sha yake daskarewa a kwano ta gefen ƙofa, wanda ke gefen murhu kuma bayansa na toyuwa.

Tae-bong ya ɗauki Inna zuwa gidansa na ɗan lokaci. Na raba wa maƙwabta wainar shinkafa mai jan wake don su yi haƙuri da ƙara da ƙura, Oga Pyo ya zuba giyar shinkafa a kusurwoyin gida, ya rataya busasshen kifi naɗe da farin zare a saman ƙofa don neman sa'a kamar yadda aka saba, aka fara aiki. Ranar da za su fasa ɗakin Inna na tsaya ina kallo. Kin tuna tabon nan na kusurwar murhu, inda takardar da aka lulluɓe daɓe da ita ta ƙone ta yi baƙi-baƙi kamar ƙanzon tukunya? Nan muke rige-rigen cusa ƙafa a bargo in mun dawo daga makaranta, ke kullum ki ture ni ki ce girma ne ya ba ki. Nan Inna ke ajiye shinkafar Baba a kwanon tagulla mai murfi, ta lulluɓe da bargo har ya dawo daga mahaƙar kwal. Kin tuna ranar da kika shure kwanon, muka zauna muna tsince shinkafa daga jikin bargo muna mayarwa, Baba ya ci abinsa, sai zare da yake ta zarowa daga bakinsa? Oga Pyo ya ga na yi tsaye ya tambaye ni ko ya yanka mini tabon ne in sa a gilashi. Na yi dariya na ce me zan yi da ƙonanniyar takarda. Suka kwashe ta da shara. Na zagaya bayan randunan miya na yi kukana ni kaɗai.

Aiki dai ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba, duk da sai da muka yi ta sa-in-sa a kan launin takardar bango, shi yana son fari fat ni ina cewa ba asibiti nake ginawa ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo suna santi. Aka dawo da Inna daidai shigowar sanyi. Ta shafa bango, ta leƙa banɗaki. Da lokacin abincin yamma ya yi, na ga ta ɗauko kwanon tagulla ta cika da shinkafa ta rufe. A nan ne gabana ya faɗi, domin duk lissafin da muka yi da Oga Pyo, ban tuna da wannan ba ko sau ɗaya.

Yaya, ga abin da Inna ta hana ni gaya miki. Tun ranar da kika hau jirgi kika tafi aikin jinya, ba a taɓa sauke tukunya a gidan nan ba a zuba naki ba. Bayan rasuwar Baba kwanonsa ya zama naki. Kullum sai ta ajiye shi a kusurwar nan ta rufe da bargo, wai muddin shinkafar matafiyi tana da ɗumi a gida, ba zai kwana da yunwa a inda yake ba. Da safe a ba ni in ci. In kin taɓa mamakin ƙibar da na yi, to ga dalili, rabon mutum biyu nake ci shekara da shekaru. Ta ce kada in faɗa miki don kada ki sa abin a rai ki kasa zaman aurenki.

To ranar sai ga Inna tana rarrafe da kwano a hannu ɗaya, ɗaya hannun tana shafa daɓe, tunda idon ya yi rauni. Ta je kusurwar, ta dawo tsakiya, ta je bakin ƙofa, ko'ina ɗaya. Ta ɗago ta tambaye ni gidan wa aka kawo ta. Na ce gidanki ne Inna. Ta ce ƙarya nake yi, gidanta ta san inda wuta take. Na ce a bar shinkafar a tukunyar lantarki, ai tana riƙe zafi. Ta harare ni ta ce ita 'yarta ba baƙuwar gidan abinci ba ce. Daga ranar ta daina cin abin kirki, cokali biyu ta ture, wai ta yaya za ta ƙoshi alhali shinkafar Ok-bun ta huce. Kullum da yamma sai ta ɗaure ɗan ƙunshin kayanta ta ce in kai ta gida. Tae-bong ya zo ya gan ta ta rame, ya ce ai ga irinta nan, in dai ba ta gane gidan ba, zamanta a nan da can duk ɗaya ne, har ya yi magana da mutanen Daegu. Garin neman gira muka tashi rasa ido.

Na shiga mota na tafi shagon Oga Pyo, na ce ya zo ya fasa kusurwa ɗaya ya cusa bututu a matse, yadda wurin zai fi ko'ina zafi. Ya zabura kamar na zage shi. Wai mutane biyansa suke yi ya raba su da wannan masifa, ni kuma na zo in biya shi ya dawo da ita. Wai sabuwar shimfiɗar daɓen za ta ƙone, duk wanda ya gani zai ce Pyo ya tsufa hannunsa ya fara rawa. Na ce masa kai malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shinkafar tsohuwar nan kwano biyu tana cikin tumbinka, ka zo ka gani da idonka kafin ka ƙi. Ya zo da yamma yana ƙunƙuni, ya zauna a bakin ƙofa, ya ga Inna tana rarrafenta da kwano. Bai daɗe ba ya fita tsakar gida ya kunna taba. Da na bi shi sai ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido, can kuma ya ce tasa uwar haka ta yi masa duk zamansa a soja, shi da ya toshe irin wannan kusurwa a gidaje ba adadi bai taɓa tunawa ba.

Washegari ya zo da mai famfo suka fasa aikin da ya fi alfahari da shi. Yana fasawa yana gargaɗina kada in kuskura in faɗa a kasuwa cewa aikinsa ne. Na ce to ina maganar gashin baki, ya ce wannan da gangan aka yi, ba ya cikin alkawari. Kuɗinsa kuwa ya karɓa cif, kada ki ɗauka waliyyi ne. Muka jira siminti ya bushe, ni ina ta lallaɓa Inna da kunu a ƙaramin ɗaki, ina lallaɓa Tae-bong a waya.

Ranar da aka kunna, Inna ta fito da kwanonta ta fara shafa daɓe kamar kullum. Da tafin hannunta ya isa kusurwar sai ta tsaya cak. Sannan ta jawo bargo ta tura kwanon ciki, ta daddanna gefe-gefe, ta juyo ta ce da ni me nake jira ban kawo abinci ba, ko so nake in kashe ta da yunwa. Ta cinye kwanonta tas. Tae-bong ya zo ƙarshen mako, ya cusa ƙafa a bargon ya ce bari ya ɗan gwada, sai ga shi yana minshari. Har ya tafi bai sake ta da maganar Daegu ba, kuma shimfiɗar har ta fara yin ja a wurin.

Ki gaida Helmut da kyau, ki gaida 'yarki Mira da mijinta, da ɗanki Jonas, da 'yan jikoki da har yau hotonsu kawai muka sani. Tae-bong da matarsa suna gaishe ki. Zan aiko miki da busasshiyar kanya in ta gama fitar da farin garin nan na zaƙi.

Saura saƙon Inna. Ranar nan bayan ta ci abinci ta ce in na yi magana da ke in ba ki haƙuri, shinkafarki ta huce kwanakin baya, ba mantawa ta yi da ke ba, wurin ne ya ɓace mata. Ta manta ita ce ta hana a gaya miki. Yaya, na san tafiyar da nisa, na san gwiwa, amma rabonki da gida ya daɗe, kuma Inna ba ƙara ƙuruciya take yi ba. Na gaji da cin rabonki. Ki zo kafin sanyin nan ya wuce, ki ɗaga bargon da hannunki, ki ci a gabanta ko sau ɗaya ne.

Ni ce ƙanwarki mai kewarki,
Mal-suk