Ranar da Khairunnisa Ta Faɗa Ruwa a Daberam

Tudun Wada, Daura.

Zuwa ga Yaya Barakatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Malam Badaru da yara duka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu ma nan muna lafiya. Idon Inna bai ƙaru ba, bai ragu ba, da murya take gane mutum yanzu. 'Yar'uwarmu Hussaina ta yaye ɗanta satin jiya. Zafi ya shigo sosai. Ni kuma ina zuwa makaranta Sandamu kullum, in koyar, in dawo.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali muna waya. Sau uku ina kiran ki don in faɗa miki wannan magana, sai mu gaisa, ki tambaye ni ko na ci abinci, in ce na ci, mu yi sallama. Shi ya sa na rubuta, na ba Hafizu direba, tunda jibi zai kai shanu wajenku.

Yau wata huɗu ke nan da rasuwar Murjanatu. Mutane suna yaba mini, wai na yi haƙuri, na nuna imani, ba wanda ya ga hawayena. Yaya, ba haƙuri ba ne. Ni dai ba na jin komai. Ina sallah, ina yi mata addu'a, ina cin abin da aka ajiye a gabana, amma ba na sanin ko da gishiri ko babu. Lokacin da kika zo ta'aziyya kika ce in ba ki Khairunnisa ki riƙe, na ƙi. Na ce 'yar shekara shida ba za ta rasa uwa ta kuma rasa uba a shekara ɗaya ba. A lokacin na ɗauka gaskiya na faɗa.

Kin tuna da dam ɗin Daberam, inda muka kai ki shekarar da kika zo Babbar Sallah. Can muke zuwa ni da marigayiya kusan kowace Asabar bayan la'asar, mu uku a kan babur, yarinyar a gaba, ita a baya riƙe da tabarma da kular zoɓo. Ba wani abu muke yi ba. Mu zauna a ƙarƙashin wata bishiyar gawasa, mu sayi soyayyen kifi wajen wata mata mai suna Laraba, mu kalli masunta suna dawowa. Murjanatu takan ce nan ne kawai wurin da ba wanda ke kiran sunanta ya aike ta. Tun da ta rasu ban koma ba. Khairunnisa ce ta dame ni, kowace Asabar sai ta ɗauko tabarmar ta jingine a jikin babur. Asabar ɗin da ta wuce na ce ta hau mu tafi.

Ruwan ya ja baya sosai saboda rani, sai an taka busasshiyar laka mai nisa kafin a kai bakinsa. Akwai mutane da yawa. 'Yan makarantar sakandare sun zo da malaminsu suna ta ɗaukar hoto, wasu samari suna hawa kwale-kwale ana zagayawa da su, Fulani sun kawo shanu shan ruwa ta can gefe. Laraba ta gane mu tun daga nesa. Ta tambaye ni ina madam, ko ta haihu ne shi ya sa aka daina ganin mu. Na gaya mata ta rasu, ita da abin da ke cikinta. Matar nan ta ajiye matsamin kifin ta zauna a ƙasa tana kuka, ni ina tsaye ina kallon man da ke tafasa a kasko, ina tunanin kifin zai ƙone. Abin da ke raina ke nan, wallahi.

Na shimfiɗa tabarma. Khairunnisa ta ci kifi kaɗan, ta ce za ta je ta wanke hannu, na ce ta je. Ina kallon ta har ta kai bakin ruwa. Ta tsuguna, lakar ta zame da ita, ta faɗa ciki ta fuska. Wurin ba zurfi, bai fi gwiwar babba ba, amma lakar tana riƙe ƙafa, ga hijabinta ya rufe mata kai, ta kasa tashi. Yaya, na gan ta. Tun daga zamewar har faɗuwar na gani. Ina zaune da kifi a hannuna, na san 'yata ce, na san ya kamata in tashi, amma jikina bai motsa ba, zuciyata ma ba ta buga ba. Kamar ina kallon abin da ke faruwa da wasu mutane a talabijin. Laraba ce ta ruga a guje, ita da ta fi ni nisa da ruwan, ta cire ta, ta kifa ta a cinyarta tana bubbuga mata baya har ta amayar da ruwan ta fashe da kuka. Sai a lokacin na miƙe.

Ba wanda ya lura. Mutane suka taru ana ta yi mini barka, ana cewa Allah ya tsare. Laraba ta cire ɗankwalinta ta goge mata fuska, ta ba ta wani tsohon zane ta yafa. Laraba kaɗai ce ta dube ni. Da muka kama hanya, mun kusa shiga gari, sai yarinyar ta juyo da kanta ta tambaye ni ko na ga lokacin da ta faɗi. Na ce mata ban gani ba, ina kallon wani wuri ne. Ta ce ai ta sani, da na gani da ni zan fara zuwa.

Lafiyarta lau yanzu, na kai ta an duba ƙirjinta, ba komai. Ita har ta fara ba ƙawayenta labari tana dariya. Inna ta san ta faɗa ruwa, amma ba ta san sauran ba, kuma don Allah kada ki gaya mata. Na yi wa Malam Sada limaminmu bayanin halin da nake ciki, ban ɓoye masa ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya ba ni addu'o'i, ya kuma ce in je asibiti Katsina in ga likita, domin wannan ciwo ne kamar kowane ciwo. Zan je ranar Talata.

Maganar da nake so in yi ita ce, ki zo ki ɗauke ta. Na je Mashi na sanar da kakarta ta wajen uwa, ta amince. Ba kyauta na ba ki ba, riƙo ne, zuwa lokacin da Allah zai dawo mini da kaina. Idan an yi hutun makaranta ya fi, don kada ta bar zangon a tsakiya. Ba ta cin kuɓewa, tana tsoron kare, kuma ba ta yarda kowa ya tsefe mata kai sai an bar ta ta riƙe matajin uwarta. Ban gaya mata ba tukuna. Ina so kina zaune kusa da ita ranar da zan faɗa mata, don ta samu wanda zai rungume ta da gaske.

Ki gaishe mini da Malam Badaru, ki roƙe shi ya yi haƙuri da ƙarin nauyi. Ina gaida Adama da Musaddiq, da maƙwabciyarki Ikilima. Inna da Hussaina suna gaishe ku. Ki sa mu a addu'a, Allah ya jiƙan Murjanatu, ya haɗa mu cikin alheri.

Ƙanenki,
Mansur