Hannun da Kika Kama

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da addu'a. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma sai an nemo mai karanta miki, kuma da ya iso kan sunana za ki ce ya tsallake. To, yau babu mai tsallakewa.

Gida lafiya. Damina ta yi kyau a Guna bana, ƙanena Sani ya cika rumbun nan na bayan ɗakinki da kika bari babu ko zangarniya. Ƙanwata Hadiza ta sake haihuwa, namiji. Goggo ta tsufa, gwiwa ta hana ta zuwa kasuwa, amma bakin nan nata yana nan daram. Ni kuma ina babban asibitin Damagaram inda kika kwanta, sai dai yanzu ni ce a gaba, ɗaliban likita na bin bayana da fararen riguna.

Ni ce 'yarki ta fari, kuma kin riƙe kunyar fari yadda ko a Guna ake ba da misali da ke. Ana yaye ni aka kai ni Birni wurin Goggo, yayar Baba. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba, ni ce dai "ta wajen Goggo". In na zo hutu daga karatun lakwal, Hadiza kike miƙa wa ƙwaryar fura ki ce ta kai wa baƙuwa, alhali baƙuwar tana zaune kusa da ƙafarki. Furar kuwa ta fi ta kowa nono, wannan na lura. Na san haka uwa ta kirki ke yi, amma sau da yawa na yi kishin Hadiza, ita da take kwantar da kai a cinyarki ki tsefe mata kitso.

Kin tuna shekarar da ruwa ya ɗauke gero na shirin fid da kai? Maza suka watse cin rani tun ba a yi kaka ba, Sani ya nufi arewa, ku mata kuka koma cin 'ya'yan anza na daji, a jiƙa a zubar da ruwan ɗacin a sake jiƙawa. A shekarar ce aka fara shiga da mu ɗaliban likita ɗakunan marasa lafiya. Na zo gida na tarar kin rame, na aiki Hadiza ta tambaye ki, kika ce yunwa ce, wa ke da ƙiba a garin? Gaskiya kika faɗa, kowa ya rame, shi ya sa ramarki ta ɓace cikin ta mutane. Shinkafar da na kawo kika dafa wa jikoki. Zanenki kuma kin ɗaura shi sako-sako, don kada a ga cikin ya fara tasowa.

Wa za ki faɗa wa? Baba ya rasu, Sani ba ya nan, wadda kuma ke karatun cuta ita ce ba za ki iya ɗaga riga a gabanta ba.

Sai da idanunki suka koma rawaya Hadiza ta sa ki a mota ta kawo ki. Na tsaya bakin gadonki ina tambaya, kina ba bango amsa. Majo, babbar ma'aikaciyar jinyar ɗakin mata, ta ja ni waje ta tura Falmata, 'yar ajinmu. Ita kika zayyana wa komai: ciwon gefen dama tun kafin shuka, ƙin abinci, ƙaiƙayin jiki. Inna, ranar na ji haushinki ƙwarai, ban taɓa faɗa wa kowa ba. 'Yar mutane kin buɗe mata ciki, ni da na fito daga cikin kin rufe mini.

Da safe Farfesa ya shigo zagaye, mu kuma muna biye kamar 'yan kaji. Ya duba ki, sannan ya nemi izininki ɗalibai su taɓa, don irin wannan hanta ba a koyonta a littafi. Kika yarda. Falmata ta taɓa, na bayanta ya taɓa, har layi ya iso kaina. Shi bai san ke wace ce a wurina ba. Na tsaya ƙiƙam, hannuwana cikin aljihu, ina jira ki ja zane ki rufe jikinki, in ji kunya gaban aji.

Mayafi kika ja, kika rufe fuska, kika juya kai wajen bango. Sannan hannunki ya fito yana lalube, ya kama wuyan hannuna, ya kai shi ƙarƙashin haƙarƙarinki na dama, daidai wurin, kika danna. Kika ja numfashi mai tsawo yadda kika ji yana cewa a yi. Gefen hantar ya sauko ya taɓa yatsuna, da tauri, da ƙulu-ƙulu. Tun da na yi wayo ba ki taɓa riƙe hannuna ba sai ranar. Kuma da shi na gane ba za ki ga wata damina ba, tun kafin hoto da gwajin jini su faɗa.

Farfesa ya tambayi abin da na ji, na faɗa, ya ce daidai ne, muka wuce gado na gaba. Ban yi kuka ba sai da na isa bayan wurin wanke kwanukan masu jinya.

Ban gaya miki abin da na gane ba. Ke ma kin sani ne? Ina jin kin sani, don ba ki ƙara tambayar yaushe za a sallame ki ba. Da aka zo neman jininki don binciken da suke yi kan ciwon hanta a karkara, Majo ta yi miki bayani da Hausa, ta ce ba dole ba ne, kuma ba zai warkar da ke ba. Abu ɗaya kika tambaya, ko zai amfani yaran nan masu fararen riguna. Da ta ce e, kika miƙa hannu. Wace ce cikin yaran kike nufi, Inna? Kika cika ana tsakiyar zafin bazara, mutane na duban gabas ko hadari zai haɗu.

Yanzu ina da ƙa'ida a ɗakin da nake kula da shi, ɗalibai har tsokanata suke da ita. In an kawo tsohuwa, kafin a tambaye ta ina ke ciwo, sai a tambayi wanda ya rako ta ko shi ne ɗanta na fari. In shi ne, a aike shi ɗebo ruwa. Za ki yi mamakin abin da ke fitowa daga bakin iyaye da zarar ƙofa ta rufe. Wasu mun kama ciwonsu da sauran lokaci. In kuma ɗalibi ya kasa samun hanta, ba na yi masa dogon bayani, wuyan hannunsa nake kamawa in kai shi wurin.

Saura labari ɗaya. Na haihu bara, mace, aka sa mata sunanki. Ga ta ta fari, ga sunan uwata, kin ga ta ko'ina bakina a ɗaure yake, Ummi nake ce mata. Goggo tana ta faɗa wai ba ni da kunya, ina goya ta ina yi mata wasa gaban mutane. Na bar ta ta yi faɗanta. Sunan ne kawai ba zan kira ba, amma ranar da wani wuri ya yi mini ciwo, ita zan fara nuna wa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa mu inda za ki iya duban fuskata.

Taki ta fari, ta wajen Goggo,
Zara