Wayar Da Ta Yi Ta Ƙara A Gidan Mama

Troyan, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Boyan,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Ralitsa da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya a can Valencia. Mu nan kalau muke, mun gama tsinkar 'ya'yan itatuwan lambu, ƙafar maigidana Kiril ma ta yi sauƙi.

Boyan, Mama ta faɗi a banɗakin gidan tsofaffi ranar Talata, ƙugunta ya karye. An yi mata aiki, tana raye, ka kwantar da hankalinka. Amma ni ban sani ba sai Lahadi, da na je da banitsa, burodin cukun nan da na gasa mata, na tarar da gadonta a gyare, babu ko silifas ɗinta. Na nufi ofis riƙe da faranti.

Shugabar gidan ta nuna mini takardar rahoto. Ta ce doka ta ce a sanar da dangi cikin kwana ɗaya, kuma sun bi ta: sun kira sau shida, kowane kira an rubuta lokacinsa. Na duba lambar, ashe ta tsohon gidanmu ce. Ranar da muka kai Mama ita ta faɗi lambar da bakinta, don ita kaɗai take tunawa, ni kuma na sa hannu ban karanta ba. Goggo Donka maƙwabciya ta ce kwana uku tana jin waya tana ƙara ta bayan bango, a gidan da ke kulle tun bara, har ta kunna kyandir don tsoro.

A asibiti, duk lokacin da Mama ta tambaye mu, sai masu jinya su ce mata an sanar da 'ya'yanta. Kwana biyar tana kallon ƙofa. Da na shiga ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni kawai ta ce, "An gaya muku, ba ku zo ba." Na yi bayani, na kawo mata takardar, ta juya fuskarta bango. Kullum ina zuwa. Tana karɓar miya daga hannun masu jinya, daga nawa ba ta karɓa.

An gyara lambar, an ƙara taka. Amma ina roƙonka ka zo, ko na kwana biyu ne. Wataƙila daga bakinka ta yarda cewa ba mu ji ba. Likita ya ce mantuwarta tana ƙaruwa, ina tsoron kada ta manta komai, wannan kaɗai ya rage mata.

Ka gaida Ralitsa, da Neda, da ƙaramin Asen. Kiril da Goggo Donka suna gaishe ku.

Yayarka,
Temenuga