Tabarmin Ƙofar Gidan Yaya Muntaka

Zuwa ga Yaya Halliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Bilkis da yara a can Fatakwal. Mu nan Gumel alhamdu lillahi, an gama girbi, geron gonar garin Ɗanzomo ya yi kyau bana, 'yata Nana Firdausi kuma ta sauka lafiya, an sami mace. Sai dai ni, wallahi Yaya, na gaji.

Maganar ƙanenka ce, Yaya Muntaka. Ka san sau uku yana neman gwamna, sau uku yana faɗuwa, na ƙarshen ko zaɓen fid da gwani bai haye ba. Amma tun takarar farko mutane suka laƙaba masa Gwamna, sunan ya bi shi. Kai da ka ce siyasa za ta cinye shi, ya ce hassada kake yi, ka yi fushi ka ɗauke ƙafa, ba ka ga yadda abin ya ƙare ba. Ranar da ya faɗi takarar ƙarshe, kafin la'asar ƙofar gida ta watse, har kujerun roba aka kwashe. Bayan wata biyu hawan jini ya kayar da shi, hannun hagu har yau ba ya ɗaguwa.

Duk da haka kullum da hantsi sai ya sa an shimfiɗa tabarmi shida kamar da, a fito da shi a kujera, a ɗora babbar tukunya. Ni kuwa ba na iya ganinsa yana kallon tabarmi babu kowa. Sai na shiga bin maƙwabta da dangi ina roƙo, yau Malam Gambo mai wanki, gobe 'yan uwan mijina in sun taso daga kasuwar Maigatari. Su zauna, su ce Allah ya ja zamanin Gwamna, su ci shinkafa su tafi. Shekara biyu ina wannan yawo gida-gida kamar mai tallan goro, ga ciwon gwiwa!

Makon jiya wasu suka zo daga Gagarawa da mota biyu da sababbin hotunansa, wai jama'a na kira ya sake fitowa. Likita kuwa ya faɗa mana ƙarara, yawon kamfe guda ɗaya zai kai shi kushewa. Da suka tafi na shiga na yi masa tas, na ce mutanen da yake gani a tabarma ni nake roƙo su zo. Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya ce ya daɗe da sani, ai Malam Gambo bai taɓa zaɓensa ba ko sau ɗaya. Ya ce to in ya naɗe tabarmin, shi wane ne? Tun rasuwar Baba babu wanda ya kira sunansa. Matarsa ba ta faɗa, mu ƙanne sai mun sa Yaya a gaba, sa'anninsa ma Gwamna suke cewa. Mutum ɗaya ya rage da zai ce Muntaka kai tsaye, wato kai, shi kuma ya kore ka da bakinsa. Na fita na yi ta kuka a zaure.

Mutanen Gagarawa za su dawo Juma'a ta sama su ji amsa. Don Allah Yaya, ka zo kafin nan. Ban ce ka ba shi haƙuri ba, kai ne babba. Ka tsaya a ƙofar gida ka kira shi yadda kake kiransa a da in ya ƙi tashi tafiya gona, ka ce masa ya isa haka. Naka zai ji.

Ka gaida Anti Bilkis da Abdulfatah da Amatullahi. Maigidana yana gaishe ka. Daga yau na daina roƙon kowa. Na ce a naɗe biyar, a bar tabarma ɗaya a shimfiɗe har ka iso.

Ƙanwarka,
Sabuwa