Na Gyara wa Labbo Motar Kara

Malam, don Allah a taimake ni, na yi ɓarna ina zaton gwaninta nake yi.

Ni mai awon gyaɗa ne a Bungudu. Na taɓa shiga elementare, daga aji biyu na hutar da malamai, ni ma na huta. Shi ya sa na ɗora buri kan ɗana Labbo, mai shekara biyar. Malama Hajjo, matar wani malamin makaranta, tana tara ƙanana a zaurenta da safe kafin su isa shiga aji ɗaya. Can na kai shi.

Ran Talata na leƙa don in ji ana a-ba-ca. Sai na iske su baje a ƙasa, 'yan mata na tuwon ƙasa, nawa na haɗa motar kara. Malama kuwa tana tsugune, ba ta taɓa komai ba, tambayarsa kawai take ina motar za ta. Motar nan ƙafa uku, kai a karkace, ko jakina ya fi ta fasali. Na karɓe, na warware, na ƙera masa lori sak irin mai kai gyaɗa Gusau. Har yara suka tafa mini, ni da gemuna ina jin daɗi.

Labbo ya dubi sabuwar motar, ya tashi ya koma bakin ƙofa. Yau kwana shida bai taɓa ta ba. Da, kullum sai ya cika mini cinya da tarkacen da ya haɗa, yanzu ko ɗaya. Uwarsa ta ce dama ni nake marmarin wasan.

Shi zan cire daga wurin da ba a koyar da komai, ko ni ya kamata a cire?

Mai Aji Biyu, Bungudu.

AMSA

Malam Mai Aji Biyu, burinka mai kyau ne, kuma ba laifi ka tambayi Malama yaushe za a fara baƙi. Amma kada ka cire shi. Tsugunon nan da ka gani aiki ne: tana lura kada wani ya ji ciwo, tana tambaya don yaro ya yi tunani, tana kuma hana hannunta shiga, wanda shi ya fi wuya. Mai ƙafa uku tasa ce, lorin naka ne.

Ɗauke lorin ka ɓoye. Ka tara masa kara, ka gaya masa ba ka kyauta ba da ka warware tasa. Daga nan ka naɗe hannuwanka cikin riga. Ko ƙafa biyu ya sa mata, ka tambaye shi ko akwai wurin fasinja ɗaya.

Allah ya raya Labbo, kai kuma ya ba ka haƙurin kallo.