Kurangar Inabin Buvi

Tashkent, 2 ga Nuwamba

Oydin-hola, 'yar'uwar mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, ke da kakana Bobo da duk mutanen gida. Na fara aiki a ɗakin gwajin iri. Sabon ma'aikaci ba ya samun hutu sai bayan sanyi. Na tambaya, na sake tambaya.

Hola, kurangar inabin kakata Buvi ce ta hana ni sukuni. Da tana raye, war haka ta riga ta sauke ta daga rumfa, ta kwantar, ta rufe da ƙasa. Na duba littafi: irin wannan inabi, in sanyin watan Janairu ya same shi a fili, ba ya tashi. Rediyo kuma ta ce dusar ƙanƙara na tafe da wuri. An binne ta kuwa?

Jiya na sayi inabi a kasuwa, na kasa ci. Ina ta ganin Buvi ta ɗaure ƙugu da gyale, tana lanƙwasa reshe tana cewa, "Kwanta, 'yar nan, ba yanka ki zan yi ba."

Taki,
Sanobar

*

Sanobar 'yata,

Wa alaikumus salam. Kin rubuto kamar mai karanta labarai. Muna lafiya, saniya ce kawai ta ƙi yarda da hannuna, ta zubar mini da madara har sau nawa.

Ba a binne ba. Na je da mijina da shebur, sai muka tarar da kakanki zaune ƙarƙashin rumfar. Ya ce, "Na binne guda bana. Ya ishe ni." Na ce wa mahaifin nawa, "Dada, itace ne fa!" Ya ce, "Wa ya tambaye ki? Ɗauki mijinki da sheburinsa."

Kin san reshen nan daga gidan ubanta Buvi ta zo da shi tana amarya, a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle? Ta tsinci auduga da uwarki a goye, ta dawo ta hura tanderu, ta yi tatsa, amma ba ta taɓa kwanciya ba ta zuba wa kurangar nan ruwa ba. Shi kuwa har yau bai san inda gishiri yake ba. Yana dafa shayi ya ajiye kofi biyu, in ɗauke ɗaya, ya harare ni.

Ki rubuta masa da kanki. Ke ce 'yar gaban goshi.

Holarki,
Oydin

*

Bobo,

Ina gaishe ka da girmamawa. Hola za ta karanta maka, don Allah ka bari ta kai ƙarshe.

Ƙasar da ake zuba wa inabi ba ta wuce taƙi biyu, kuma bayan bikin Nawruz, in sanyi ya wuce, ake yaye ta. Kai ma ka sani, kai ke riƙe wa Buvi igiya. Ni dai tsoro nake ji. Kowace shekara takan rataye mini nono guda na inabi a ɗakin ajiya, in na zo hutun sanyi ta ciro shi, ya yi yaushi, ta zauna tana kallona har in cinye. Ranar jana'izarta ina ɗakin jarrabawa, ban ga fuskarta ba. In kurangar ta mutu, ban san abin da zan tarar in na zo gida ba.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Jikarka,
Sanobar

*

Sanobar,

Gaisuwa. Na karanta masa. Washegari na shigo na tarar ya sauke ta shi kaɗai, har ya karya reshe ɗaya. Ya buɗe akwatin Buvi, ya kwaso duk bargunan audugar da ta ɗinka, ya lulluɓe kurangar, ya danne da duwatsu. Na ce, "Dada, za su jiƙe su ruɓe!" Ya ce, "Su ruɓe. Ƙasa dai ba za ta sake hawa kan abin matata Tursunoy ba ina raye."

Dusar ƙanƙara ta sauka jiya. Ke da kika yi karatu, bargo zai isa? Ko mu zuba ƙasa in ya tafi masallaci?

Oydin

*

Hola,

Na gaishe ku. Na duba duk abin da muke da shi, na tambayi shugabana. Babu wanda ya taɓa gwadawa. Ban sani ba.

Kada ku zuba. In lokacin buɗewa ya yi, ku jira ni.

Sanobar